Yatsun Akawu

Duk wanda ya taɓa zuwa ofishin rajista da wata buƙata ya san Akawu, ko da bai taɓa jin sunansa na yanka ba. Yana nan a barandar da ke fuskantar ƙofar ofishin, tsakanin mai ɗaukar hoton fasfo da mai sayar da ambulan, da teburinsa mai gajeriyar ƙafa ɗaya wadda ya tokare da murfin kwalba. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana wannan zama. An sauya shugabannin ofishin ba adadi, an sauya fentin bango sau huɗu, an sare bishiyar da ke ba su inuwa, shi dai yana nan da gilashinsa a karan hanci.

Aikinsa buga wa mutane takarda. Mutum zai zo da ƙorafi fal bakinsa, ya zauna a benci yana kumfar baki, Akawu kuwa ba ya kallonsa, ba ya kallon madannai. Idonsa na kan titi, yatsunsa na ta gudu. Mace za ta ce, "Rubuta musu maƙwabcina ɓarawo ne, ya ci mini iyaka da rana tsaka." In aka gama ya karanta mata, sai ta ji an ce an samu saɓani game da iyakar fili, ana roƙon hukuma ta duba. Wanda ya zo yana zagi sai ya tashi ya ji an mayar da shi mutumin kirki. Akawu yana kiran wannan wankin magana, kuma da shi yake alfahari, domin takardar da ya wanke ba a cika dawo da ita ba.

"Ni magana daga kunne take sauka yatsa," in ji shi, "ba ta biyawa ta zuciya. Shi ya sa sirrin kowa bai taɓa kwana a gidana ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma da ya san abin da wannan gaskiyar za ta jawo masa da bai riƙa faɗinta yana murmushi ba.

A wani ɗaki a saman shagon tela ya koyi bugu yana saurayi. Malamin nasu yakan rufe wa ɗalibi hannu da ƙyalle, duk wanda ya leƙa ya sha rula a bayan yatsu. Nan Akawu ya koyi abu biyu da suka zauna masa har tsufa: kada ka kalli hannunka, kuma kada ka shiga babban aiki da na'ura mai datti. Tafiretarsa ta yi shekara talatin da biyu ba ta taɓa ganin mai gyara ba. Duk jajibirin wani aiki mai nauyi yakan shimfiɗa jarida, ya ɗauko tsohon buroshin haƙori da 'yar kwalbar da ya haɗa kalanzir da man keken ɗinki, ya bi haruffa ɗaya bayan ɗaya, ya bar ta ta kwana tana tsotsa. Da safe sai ka ji tana ƙara tas tas, shi kuma yana ta gyaran murya don maƙwabta su lura.

Da ofishin ya daina karɓar bugun tafireta, surukinsa, mijin 'yarsa Auta, ya samo masa tsohuwar laftof wadda wani kamfani ya daina amfani da ita. Irin wadda ake kulle cikinta ce gaba ɗaya. Kana kunna ta, tun kafin komai ya fito, sai baƙin allo da ɗan akwati yana jiran kalmar sirri. Mai sayarwa ya rubuto kalmar a guntun takarda, wata tarkacen haruffa da lambobi da ba ta da kai ba ta da gindi. Akawu ya buga ta sati guda yana dubawa, har yatsunsa suka haddace, sannan ya ƙyasta ashana ya ƙone takardar. Takardun mutane ne a ciki, in ji shi, ba zai bar mabuɗi yana yawo a aljihu ba. Surukin ya kuma ja masa kunne da abu ɗaya: "Baba, wannan ba ta shan mai. Busasshen buroshi kawai." Ya ce ya ji, ya kuma kiyaye har shekara tara. A tsawon lokacin nan dukan da yake yi mata irin na tafireta ya goge haruffan da ke kan madannai kaf, suka koma baƙaƙe sumul, shi kuwa ko a jikinsa, tunda dama ba ya kallo.

'Ya'yansa biyu ne suka rayu, Dogo da Auta. Dogo ne na fari, sunan mahaifin matar Akawu aka sa masa, don haka ita ba ta kiransa komai sai Babana. Da ya gama makaranta, Akawu ya buga takardar neman aiki har bakwai kafin a ɗauke shi a sito na wani kamfanin kayan gini. Wata takwas da farawa kaya suka ɓace, aka aiko takarda mai hatimi cewa Dogo ne. Yaron ya rantse har da hawaye. Akawu ya dubi hatimi, ya dubi ɗansa, ya zaɓi hatimi. Shi a duniyarsa takarda ba ta ƙarya. Da hannunsa ya zauna ya buga wasiƙar amsa laifi da neman afuwa, wankakkiya tas, ya miƙa wa Dogo biro ya ce ya sa hannu.

Dogo bai sa ba. Ya ajiye biron a kan tebur a hankali, ya haɗa kayansa, ya tafi wani gari mai nisa a bakin teku, inda ya zama mai walda. Bayan shekara guda aka kama mai kula da siton da irin kayan a gidansa. Kowa ya ji, Akawu ma ya ji. Mutumin da ya rubuta wa baƙi dubban takardun ban haƙuri ya kasa rubuta guda ɗaya tasa. Girman kai ne, ba wani abu ba, ko da yake shi yana kiransa kunya.

Shekara goma sha ɗaya aka yi a haka. Dogo yana kiran uwarsa a waya, in uban ya shigo ɗaki sai a yi sallama. A shekara ta tara ciwo ya kwantar da Inna, kamar yadda duk gidan suke kiranta. Numfashi ya yi mata wuya, waya ma ba ta iya riƙewa. Wata rana bayan azahar ta ce da mijinta ya ɗauko na'urarsa, tana da saƙo zuwa ga Babanta. Ya zauna a bakin gado da laftof a cinya. Ta yi ta magana tana hutawa, tana tari, wani wuri har da 'yar dariya, ba ta gama ba sai da aka kira la'asar. Yatsunsa suka yi aikinsu, idonsa na kan labulen taga. A duk abin da ta faɗa jimla ɗaya ce ta ƙi sauka yatsa salin alin, sai da ta biya masa ta zuciya: "Laifin babanka ne, kuma ya sani, bakinsa ne mai nauyi."

"Ka fitar da ita ka aika masa," ta ce.

"Zan aika."

Kwana tara bayan nan ta rasu. Dogo yana aiki a cikin jirgin ruwa, labari bai same shi ba sai da aka yi mako biyu, daga nan kuma ya ce me zai zo ya gani. Wasiƙar ta zauna a cikin na'ura shekara biyu cur. Akawu bai aika ba, bai goge ba, bai sake buɗe ta ba. Kullum da safe in ya kunna laftof yana ganin sunanta a gefen allo, ya kau da kai ya kira na gaba a layi.

Sai ga shi an yi wa Auta tiyata, Dogo ya zo duba ƙanwarsa na kwana uku. A gidanta ya sauka. Ran farko ya zo ya gaishe da uban a tsaye a bakin ƙofa, gaisuwar da za ka yi wa tsohon maƙwabci. Furfura ta fara fito masa a gemu, abin da ya fi komai tsorata Akawu. Rana ta biyu Auta, tana kwance da ɗinki a ciki, ta kama hannun rigar ubanta ta ce, "Baba, na san Inna ta bar wa Yaya saƙo, ina tsakar gida ranar. Motarsa gobe ƙarfe huɗu. In ya tafi wannan karon ban ga abin da zai sake dawo da shi ba."

Ya koma gida da la'asar sakaliya ya yanke shawara: gobe da safe zai fitar da wasiƙar ya kai tasha da kansa. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, to shi da jajibiri ya fara, kuma gara ma da bai fara ba. Madanni biyu sun kwana biyu suna maƙalewa. Aiki kuma babba ne, babu wanda ya fi shi girma a shekara arba'in da ɗaya. Bai ma san lokacin da ya shimfiɗa jarida ba. Kwalbar tana nan a bayan kabad inda ya bar ta, buroshin ma haka. Ya bi madannai ɗaya bayan ɗaya, ɗigo ɗigo, yana jin wata natsuwa da ya daɗe bai ji ba, ya rufe ya bar ta ta tsotsa. Sabo turken wawa.

Da safe ƙarfe bakwai da rabi ya isa barandarsa, ya ajiye jaka, ya gyara murfin kwalbar da ke ƙarƙashin tebur, ya yi bisimilla ya kunna. Fanka ta yi 'yar ƙararta, baƙin allo ya fito da akwatinsa. Yatsunsa suka zuba kalmar kamar kullum. Akwatin na nan wayam, ko ɗigo ɗaya bai fito ba.

Ya sake. Ya kashe ya kunna, ya sake. Ya danna da ƙarfi har tebur ya girgiza. Mai hoto ya leƙo ya ce a hura mata iska, mai ambulan ya ce a sa ta a rana. Akawu ya hura, ya kifa ta ya bubbuga bayanta. Mutum uku suka zauna a benci da ƙorafinsu, ya ce yau ba aiki, abin da bai taɓa faɗi ba sai ranar da aka binne Inna. Tsoro ya kama shi sosai. Ya naɗe laftof a tawul, ya sa a jaka, ya nufi layin masu gyara.

Shagon Injiniya ɗan kurkuku ne a ƙarƙashin matakala, cike da gawarwakin kwamfutoci da ƙaurin dalma. Mace ce mai kimanin shekara talatin da biyar, ba ta da yawan fara'a, amma duk layin an san in ta ce abu ya mutu to ya mutu.

"Baba, me ya same ta?"

"Ba ta jin dannawa, 'yata. Jiya lafiya lau muka rabu."

"Ruwa ya zuba mata? Ko shayi?"

"Ko ɗigo."

Ta kunna, ta danna madannin manyan baƙaƙe tana duban ɗan fitilar da ya kamata ya kama. Bai kama ba. Ta kashe, ta zare batir da caja, ta danne maɓallin kunnawa tana ƙirge har talatin, ta mayar da komai ta sake gwadawa. Shiru. Ta sake kunnawa tana bubbuga madannin da ke shigar da mutum saitin cikin na'ura, nan ma ba labari. Sai ta tsaya ta dubi kan yatsanta yana ƙyalli. Ta kai hanci.

"Baba, wannan ba man keke ba ne?"

"Da ɗan kalanzir," ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa. "Kin ce ruwa, ai ba ruwa ba ne."

Ba ta yi dariya ba, wannan kuwa ya fi masa ciwo. Ta kwance ƙusoshi, ta ɗaga kibod ɗin, ta zare siririn bel ɗin da ya haɗa shi da cikin na'ura, ta goge ta mayar. Ta nuna masa yadda ƙarƙashin madannai yake, leda ce siririya hawa hawa, man ya shige tsakaninsu, robobin kuma sun kumbura sun yi laushi.

"Garin gyaran gira kun rasa ido, Baba. Wannan kibod ya gama. Irinsa tsohon yayi ne, sai na aika a nemo, mako ɗaya ko biyu."

"Ƙarfe huɗu nake da shi."

Ta dube shi da kyau a karon farko. Ya gaya mata a taƙaice: wasiƙar matarsa ce da ta rasu, ɗansu zai hau mota yau. Bai faɗi shekara biyun ba.

"To ba a rasa hanya ba," ta ce. Ta janyo wani babban kibod na tebur, ta soka wayarsa a gefen laftof, ta danna, ɗigo ya fito a akwati. "Kun gani, cikinta lafiya lau. Ku faɗa mini kalmar."

Akawu ya buɗe baki, sai ya ji babu komai a ciki. Ya san akwai bakwai a wani wuri. Ko huɗu ce? Shekara tara yana buga ta kowace safiya, amma ko harafin farko bai iya kawowa ba.

"Ban san ta ba," ya ce. "Hannuna ne ya sani."

"To bisimilla, a ba hannu wuri."

Ya ɗora yatsu a baƙon kibod. Madannansa dogaye ne, tazararsu daban, ƙaramin yatsansa ya je neman abu ya faɗa rami. Ya buga, na'ura ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. A na uku ta kashe kanta. Injiniya ta riƙe masa hannu ta ce kada ya ƙara, irin waɗannan in aka matsa musu da kuskure wasu sukan kulle kansu har abada. Ya tambaya ko ba za a ciro ma'ajiyar a karanta a wata na'ura ba. Ta girgiza kai. An kulle ta da wannan kalmar, in ji ta, ko ta ciro ba abin da za a gani sai shirme.

Ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce. Ya zauna a kan wani tsohon firinta yana duban hannuwansa a cinya. Su ne suka ciyar da gidansa, su ne ya yi ta yabo a gaban mutane, yau kuma ya ji haushinsu kamar ba nasa ba.

Injiniya ce ta yi dabara. Tunda hannun ya san hanya a kan mataccen kibod, sai ya buga a can, ita kuma ta ɗauka da wayarta daga sama, ta rage gudun hoton ta ga inda kowane yatsa ya sauka. Aka gwada. Amma da Akawu ya san ana kallon hannunsa, sai shi ma ya kalla, abin da aka hana shi da rula tun yana saurayi. Yatsun suka daburce. Sau biyar ta ɗauka, sau biyar abu daban. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

Ta ajiye wayar a kan teburin shagon, ta jingina ta da gwangwanin ƙusoshi, ta ce ta gaji, a bari sai an yi sallah. Bayan sun dawo ta rufe laftof ta mayar masa cikin jaka.

"Baba, ku nuna mini yadda kuke buɗe shago da safe. Ni fa ban taɓa ganin tafireta tana aiki ba, wai da gaske ƙararrawa gare ta?"

Nan fa aka taɓo masa inda yake so. Ya ajiye jaka, ya ja kujera, ya fito da laftof yana ba ta labarin ƙararrawar ƙarshen layi da yadda ake sauya ribon ɗin tawada ba tare da ɓata hannu ba. Idonsa na kan masu wucewa a layi. Ya yi bisimilla, ya kunna, fanka ta yi ƙara, yatsunsa suka zuba abinsu yana tsakiyar magana.

"Ya isa," ta ce, ta ɗauko wayar daga inda ta jingina ta. Ashe tun ɗazu tana ɗauka.

Sai da ta shafe fiye da awa guda tana tsayar da hoto tana mayarwa, domin madannan ba rubutu a kansu, sai dai ta ƙirga gurbi daga gefe ta kwatanta da na tebur. Ta fitar da alama goma a bayan wani kwali. Ta buga, aka ƙi. Ta sake duba hoton, ta ga ɗan yatsan hagu ya danne madannin manyan baƙaƙe a wuri na shida. Ta gyara ta buga. Baƙin allo ya wuce, hoton Auta da jaririnta na fari ya bayyana. Akawu ya cire gilashi ya goge ido da bakin riga.

Uku saura kwata firinta ya turo takardar. Shafi ɗaya ne, da ɗan sarari a ƙasa. Abin ya ɗan ba shi mamaki, yana tsammanin za ta fi haka, amma ba lokacin tsayawa. Bai karanta ba. Ya ninke ta uku yadda ake ninke takardar ofis, ya sa a ambulan.

Tasha cike take da hayaƙi da kiran 'yan kamasho. Ya sami Dogo a bayan doguwar mota yana kallon yadda ake ɗaure jakarsa. Hannuwansa duk tabon wuta.

"Baba? Lafiya?"

"Saƙon mahaifiyarka ne. Ta ba ni kafin ta rasu."

Dogo ya dubi ambulan ya daɗe kafin ya karɓa. "Kafin ta rasu," ya maimaita. Dukansu sun iya lissafi. Ya goge hannu a wando, ya buɗe a hankali. Akawu ya ga leɓensa na rawa, ya ga yaron da yake goyawa a wuya ya kai makaranta. Ya shirya wa jimlar nan. Ya ce a ransa in Dogo ya iso wurin zai sunkuyar da kai ya ce haka ne.

Dogo ya karanta har ƙasa. Rawar leɓen ta tsaya. Ya juya bayan takardar ya ga fari, ya juyo.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Ita ta faɗa, ni na buga."

"'Zuwa ga ɗana,'" Dogo ya karanta a fili, ba tare da ɗaga murya ba. "'Bayan gaisuwa mai yawa, ina mai sanar da kai halin rashin lafiyar da nake ciki.' Baba, tun da aka haife ni Inna ba ta taɓa ce mini ɗana ba." Ya sauke yatsa zuwa tsakiya. "'Game da abin da ya faru a baya, an samu rashin fahimta tsakanin ɓangarorin biyu, kuma ana fatan za a yi haƙuri.' Inna ce ta ce ɓangarori?"

Akawu ya karɓi takardar ya kawo ta kusa da gilashi. Layi a miƙe, tazara daidai, ba kuskure ko ɗaya. Aikinsa ne, ko cikin dubu zai gane shi. Babu Babana, babu tarin, babu abin da ya sa ta dariya. Shekara biyu yana gudun jimlar da ba ta ma cikin takardar. Yatsunsa sun wanke ta tun ranar, a bakin gadon, matar tana kallonsa tana zaton maganarta yake rubutawa.

"Ba haka ta ce ba," ya ce. Bakin ya yi masa nauyi kamar yadda ta faɗa, amma ya ɗaga shi. "Cewa ta yi laifina ne, kuma na sani. Gaskiya ta faɗa. Laifina ne."

Dogo ya gyaɗa kai a hankali. "Wannan na sani tun ina da shekara ashirin da uku, Baba. Ba shi nake nema ba. Ta daɗe tana magana?"

"Daga azahar zuwa la'asar."

"To sauran fa? Me ta ce mini?"

Direba ya danna hon. Akawu ya rufe ido ya nema. Ya ga labulen taga, shuɗi mai zanen ganye, ya ga inda ya yage a ƙasa. Ya ji sautin muryarta yana hawa yana sauka. Ya tuna ta yi dariya, kuma yana jin kamar dariyar ta shafi wani takalmi, ko keke. Ya buɗe ido.

"Ban riƙe ba," ya ce.

Dogo bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya tsaya yana kallon ubansa, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Akawu ya miƙa masa takardar da hannu biyu.

"Riƙe ta, Baba," in ji Dogo. "Taka ce."

Ya ɗan rusuna irin gaisuwar ran farko, ya ce a kula da Auta kada ta ɗaga abu mai nauyi, ya hau mota. Kujerarsa tana ɗaya gefen ne, don haka Akawu bai ga fuskarsa ba da motar ta fita.

Bayan kwana goma sha biyu sabon kibod ya iso, Injiniya ta sa masa, da haruffa farare tas a kan kowane madanni. Ta rubuta masa kalmar sirrin a kwali ta ce ya adana, ya sa a aljihun gaba. Har yanzu yana nan a barandar, tsakanin mai hoto da mai ambulan. Sai dai masu zuwa sun fara ƙorafi cewa Akawu ya tsufa, aikinsa ya yi sanyi. Yanzu yana kallon bakin mai magana, yana tsayar da shi ya ce, "Sake faɗa, yaya kika ce?" Ranar nan ofis ya dawo da takardar wata tsohuwa saboda an rubuta a ciki cewa jikanta ya fi ƙarfinta kuma tana jin tsoro. Ta kawo masa ya gyara, ya karanta sau biyu, ya ce shi bai ga abin gyara ba.